Rariyar Anestis

A nan Kavala shekara uku ake ba mamaci ya kwanta. Dutse ya tokare mu ta baya, teku ta tare mu ta gaba, ƙasar da ta rage ba ta isar masu rai balle matattu. In shekarun sun cika sai ofishin maƙabarta ya sa rana, a tono, mata su wanke ƙasusuwan da ruwan inabi, a naɗe su a farin ƙyalle, a kai ɗakin ajiya cikin akwatin ƙarfe, wani kuma ya shiga ramin. Haka aka yi wa mijina, haka za a yi min, kuma tuni na sayi ƙyallena, don ban yarda da idon matar ɗana a kan yadi ba.

Ranar tonon Domna, matar maƙwabcina Anestis, ta faɗo a watan Mayu. Tun tana asibiti ta faɗi wadda za ta wanke ta. A gabana ta faɗa, ina ɓare mata lemon da ba za ta sha ba.

"Melpo ce za ta wanke ni. Ke Stamata kada ki sa min hannu, kin cika dirzar abu kamar gindin tukunya."

Melpo 'yarsu ce, ita kaɗai suka haifa. Lokacin da ofis ya sanar da Anestis ranar tonon, rabonsa da jin muryar yarinyar tun ranar da aka binne uwarta, kuma ko ƙasar da take bai sani ba.

Na san Anestis tun yana ciki. Ni da uwarsa Melpomeni, wadda aka mayar wa yarinyar da sunanta, a benci ɗaya muka ƙarar da ƙuruciyarmu a siton taba na bakin tasha, muna ware ganye: babba nan, ƙarami can, mai tabo a kwando. Uwar tana da baki irin nawa, ɗan kuwa ya fito shiru. Yaro ne da in ka ba shi alawa sai ya juya ta ya karanta takardar kafin ya sha. Aka tura shi karatu Tasalonika, ya dawo da tabarau da ɗan ranƙwafawa, ya samu aiki a wani banki, a ɗakin ƙasa wurin injuna, inda ba sai ya gai da kowa ba. Domna tana da shagon ɗinkin labule a titin da yake bi. Ita ta gan shi, ita ta yanke shawara, shi dai an gaya masa ranar aure ya zo da kwat. Zama suka yi mai kyau, in ka yarda cewa gida yana iya tafiya da baki ɗaya. Ita take magana, shi yana gyaɗa kai, kuma ban taɓa jin an fasa faranti a sama da kaina ba, ni da nake zaune a hawan ƙasansu.

Shekarun da ƙasar ta tsiyace, bankin ya rufe reshensa, aka sallame shi gashi ya fara fari. A lokacin ne Melpo ta gama karatun jinya ta bi sauran 'ya'yanmu zuwa Jamus. Shi kuma wani kamfani na Tasalonika ya ɗauke shi aiki daga gida. Ya sa tebur a ɗakin yarinyar, ya kafa kwamfutarsa, ya ci gaba da zaman ɗakin ƙasa a hawa na uku.

Mu nan ba a kiran irin ciwon da ya ci Domna da sunansa. "Mugun abin" ake cewa, a sassauta murya. Ba a cika gaya wa mai shi ba, na nesa kuwa ba a gaya masa sam, wai kada hankalinsa ya tashi. Domna ta gane nata da kanta, ba mace ce da za a ɓoye wa abu ba, amma ta kafa doka a kan Melpo: yarinya ta samu aiki da ƙyar, kada a kuskura a taso ta. In za su yi magana ta waya mai hoto sai ta shafa jan baki ta zauna daram, Anestis ya riƙe wayar a karkace yadda robar ruwan da ke hannunta ba za ta fito ba. Na gaya musu wauta ce. Na ce yarinyar nan tana can tana juya uwayen Jamusawa a kan gado, tata uwar tana nan tana ƙarewa, wace irin ƙauna ce wannan? Domna ta ce in kula da tukunyata. Anestis ya kalli matarsa, ya kalli ƙasa.

Ranar da ya kira Melpo da gaskiya, lokaci ya riga ya ƙure. Ta iso akwatin yana coci. Bayan an binne, muna shan baƙin kofi a ɗakin da ke bakin maƙabarta, ta juyo wurin ubanta.

"Tun yaushe, Baba?"

"Kusan shekara."

"Kai kake riƙe wayar?"

"Ni ne."

Ta ajiye kofin a hankali, ta ɗauki jakarta ta fita. Ba ta ɗaga murya ba. Bayan kwana kaɗan lambarta ta daina shiga, saƙon da yake tura mata ta imel ya fara dawowa.

Ban ga Anestis ya yi kuka ba, a lokacin ko bayan nan. Ya dai zama kamar ɗakin da aka kwashe kayansa. Yana tashi, yana aske gemu, yana sauke shara. Abinci a tsaye yake ci gaban wurin wanke-wanke. Tagogi rabi a rufe rani da sanyi. In ka gaishe shi ya amsa daidai, in ka zage shi ma haka. Na gwada duka biyun. Ni nake hau masa da miyar wake ko soyayyen kifi da rana, ba don tausayi ya kashe ni ba, don dai in ya mutu a sama ni warin zai fara sauko wa.

A irin wannan kai abincin ne na tsaya a bayansa wata rana ina kallon gilashin kwamfutarsa. Layuka ne cunkushe suna gudu, a samansu kuma layi ɗaya gajere, cike da baka-baka da ɗige-ɗige da taurari.

"Wannan fa? Kamar kaza ta taka tawada."

"Rariya ce, Kiriya Stamata." Kiriya ake ce wa mace a nan don girmamawa, namiji kuma Kir.

"Rariya babu huji?"

"Hujin kenan kike gani."

Ya bayyana min kamar mai karanta takardar magani. Otal-otal da shaguna da kamfanonin jirgin ruwa suna karɓar adireshin imel na masu hulɗa da su, suna tarawa a rumbun bayanai. Amma yaran da ke zaune a teburin karɓar baƙi suna cusa duk abin da aka gaya musu a gurbin: lambar waya, "ba shi da shi", "na ɗansa ne", adireshi biyu a manne, ko dai wani shirme don layi ya ragu. In sun tashi tura saƙo sai abin ya cakuɗe. Sai a ba su Anestis rumbun su tsabtace. Sunaye dubu ɗaruruwa, ba mai iya bin su ɗaya-ɗaya.

"Ba suna nake ba injin ba," in ji shi, "siffa nake ba shi. In ce masa: haruffa ko lambobi, ko nawa ne. Sai ɗan agwagwa, ɗaya tak." Ya nuna min alamar nan da ke naɗe kamar agwagwa ta cusa kai a fiffike, wadda ke tsakiyar kowane adireshi. "Sai wasu haruffan, sai ɗigo, sai 'yar wutsiya. Ya shiga rumbun ya duba. Abin da ya yi wannan siffar ya wuce, wanda bai yi ba ya tsaya."

"In ka matse hujin fa?"

"Na kirki su maƙale."

"In ka sake shi?"

"Shara ta bi."

"To ai aikin taba ne. Bambancin dai kai ba ka tari."

Bai yi dariya ba, dama ban sa rai ba. Na tambaye shi ko rariyar tana sanin in mai adireshin yana raye. Ya ce a'a, siffa kawai take gani. Ya ce tsohon adireshin Melpo yana wuce kowace rariya lafiya lau, ba abin da ya same shi, babu kowa a bayansa ne kawai. Ya faɗi haka ya ja farantin.

Da aka sa ranar tonon, ya fara da hanyoyin da kowa zai bi. Ya kira asibitin da take aiki a Jamus, suka ce ta bar wurin kuma ba sa ba da labarin mutane. Ƙawayenta na makaranta suka ce su ma ta yar da su. Ni da kaina na je wurin uwar baftismarta, wadda ta riƙe ta a coci tana jaririya, wata mai fuska kamar an matse lemon tsami, na zauna mata a falo har na ga ƙasan kofinta biyu. Ta rantse da gicciye ba ta sani ba, kuma na yarda, don da ta sani da duk unguwa ta sani.

Doka dai dangi ɗaya take nema a bakin rami, kuma Anestis ya isa. Wankin ma akwai matan da ake kira su yi. Na gaya masa haka.

"Domna ta ce Melpo," ya ce.

"Ta ce kada a gaya wa Melpo ma, ka ga inda ya kai ku."

"Ta ce Melpo."

Ban yi makaranta ba, amma na san harafin farko na sunan yarinyar, don ni na ɗinka shi a matashin kanta tana jaririya. Wajen ƙarshen sanyi na hau da abinci, sai na ga wannan harafin a farkon layin rariyar, a wurin da da babu komai sai baka da tauraro.

"Wa kake tankaɗowa, Anesti?"

Bai ɓoye ba. Ya ce duk rumbun da aka ba shi ya tsabtace, in ya gama aikin mutane, sai ya zura tasa rariyar sau ɗaya. Mutum dai dole ya kama ɗaki a otal, ko ya sayi tikiti, ko ya yi odar takalmi. In ta taɓa hulɗa da wani kamfani na ƙasar nan, adireshinta yana kwance a wani wuri.

"An yarda ka yi haka?"

"A'a."

"In an kama ka fa?"

"Kora. Wataƙila kotu."

Yadda ka san yana gaya min gobe za a yi ruwa. Na ce masa mutumin da bai taɓa tsallake titi ba sai fitila ta ba shi izini, yau shi ne ɓarawo. Ya ce ba abin da yake ɗauka, dubawa kawai yake yi. Na ce haka mai leƙen taga ma yake cewa.

Da farko ya matse hujin sosai: sunanta, sunan gidansu, sai agwagwa. Ba abin da ya faɗo. Sai ya cire sunan gidan, ko ta yi aure, ya bar injin ya karɓi kome ya biyo bayan sunan. Nan Melpon duniya suka zubo masa. Mai kantin magani a Serres, wata tsohuwa a Limnos da ke sayen zaren saƙa, wata da ke kama ɗaki ɗaya a otal ɗaya duk ranar Laraba, wadda na ce masa ya bar baiwar Allah da sirrinta. Yana zaune yana kallonsu suna wucewa, fuskarsa ba ta canzawa. Makonni aka yi a haka. Ya rame, amma dama ba shi da naman da za a ce ya tafi.

Akwai abu ɗaya da ya sani bai sa ba. Shi ya buɗe wa 'yarsa adireshinta na farko tana firamare, aka ce wata ta riga ta ɗaukar sunan, sai ya liƙa mata lambar shagon uwarta a ƙarshe. Duk adireshin da ta yi daga baya, na makaranta da na aiki, da wannan lambar take rufe shi. Ya ce bai sa ba don a lissafinsa wadda ta yar da gida za ta yar da lambar ma.

"Kai ta yar," na ce. "Ba uwarta ba. Sa."

Ya sa. Sunan a farko, kome da kome a tsakiya, lambar dab da agwagwa. Rumbu biyu ko uku ba su ba da komai ba. Sai aka turo masa na wani kamfanin jirgin ruwa da ke kai mutane tsibirin Thasos.

Ina nan ranar, da farantin a hannuna. Layi ɗaya ne ya fito a gilashin, shi kaɗai, sauran wurin fari fat. Ya daɗe yana kallonsa kafin ya buɗe. Ranar haihuwa tata ce. Tikitin na watan Agustan da ya wuce ne, daga tashar Kavala. Mutum uku: ita, wani namiji mai suna irin na mutanen arewacin Turai, da jaririya da ba a rubuta sunanta ba.

Daga barandar Anestis ana ganin jirgin Thasos yana juya gindi ya fita. Mai ƙafa ba zai gama shan sigari ɗaya ba tsakanin tashar da ƙofar gidanmu.

Ya miƙe ya je wurin wanke-wanke, ya ɗauki kofin da ke kife a wanke, ya sake wanke shi.

"A watan Agusta ina nan," ya ce.

"Ina za ka dama?"

"Tagar a rufe take."

"Ka zama kaka, Anesti."

"Haka aka rubuta."

Ya dawo ya zauna, ya kwafe adireshin, ya rufe rumbun, ya ci gaba da aikin mutane. Na ajiye masa kifin na sauko. Ni ce na zauna a matakala na ɗan jima.

Kwanaki suka wuce bai tura komai ba. Mayu tana matsowa. Na hau na same shi.

"Ka tona rami ka same ta, yanzu kuma kana tsoron taɓawa? Me kake jira, ta yi mafarkinka?"

"In na tura za ta san na bi sawunta."

"In ba ka tura ba ni zan wanke matarka, kuma ka ji abin da ta ce game da hannuna."

Ya rubuta a gabana, ya karanta min. Rana, lokaci, da maganar da uwarta ta yi a asibiti. Babu gaisuwa, babu ban haƙuri, babu tambayar jaririya. Na ce wannan ai takardar kuɗin wuta ta fi shi daɗin baki. Ya ce in ya ƙara wani abu za ta daina karantawa. Ya tura.

Washegari amsa ta zo, layi ɗaya: "Ina ka samo wannan adireshin?"

Na ce ya ɗora wa uwar baftisma, ba za ta rasa komai ba, dama ba wanda ke yarda da ita. Ya zauna hannuwansa a kan cinya.

"Na riga na riƙe mata waya a karkace," ya ce. "Ya isa."

Ya rubuta mata yadda ya yi, daki-daki, har da jirgin Thasos. Amsa ba ta zo ba. Bayan mako ya sake tura ranar kawai, ko ta manta. Saƙon ya dawo. Ta rufe wannan adireshin ma.

Bai sake zura rariyar ba. Ya je ya sayi akwatin ƙarfen, aka rubuta sunan Domna a jiki. Ni na dafa alkamar sadaka, na zuba sukari da rumman da almon, na goge ƙyalle, na nemo roba mai faɗi. Na ce wa Domna a raina ta yi haƙuri, zan sassauta hannu.

Da safe muka hau tasi zuwa maƙabarta. Papa Lambros, limamin cocinmu, yana can yana duba agogo, don akwai wasu ramukan suna jiransa. Mitsos mai haƙa ya riga ya ɗage dutsen kabarin ya jingine. A gefen ramin, ƙarƙashin itace, wata mace tana tsaye da gajeren gashi da takalmi mara dunduniya, kwalbar ruwan inabi a hannunta. Sai da ta juyo na gane ta. Ta yi ƙiba kaɗan, fuskar kakarta ta fito mata.

Ta sumbace ni kunci biyu. "Kiriya Stamata, ba ki mutu ba?"

"Ina jira ki koyi gaisuwa tukuna."

Ta kalli ubanta. "Baba."

"Kin zo."

"Wurin Mama na zo."

"To."

Ya tsaya ɗaya gefen ramin rungume da akwatin. Mitsos ya shiga haƙa. Na matsa kusa da Melpo na tambayi sunan jaririyar, don in ban tambaya ba ba wanda zai tambaya.

"Ida."

"Suna ne ko atishawa? Ba Domna ba?"

"Ida."

Anestis ya ji, na ga leɓensa ya motsa yana gwada sunan ba sauti.

Da shebur ya taɓa katako sai Mitsos ya ajiye shi ya koma da hannu. Ya share ƙasar, ya ɗaga ruɓaɓɓen murfin kaɗan, ya leƙa. Ya daɗe a sunkuye. Sai ya mayar, ya ɗago yana goge hannu a wando.

"Ba ta gama ba, Kir Anesti."

"Kamar yaya?"

"Ƙasa ba ta gama da ita ba. Masu shan maganin asibitin nan haka suke yi, ba sa narkewa da wuri. Ba ita kaɗai ba ce, ko makon jiya mun mayar da wani."

A zamanin uwata in aka buɗe aka ga haka, mata sai su fara raɗa, wai akwai zunubi ko bakin wani a kan mamacin. Yanzu an ce magani ne. Ni dai na san Domna, ba a taɓa sa ta yin abu a ranar da wani ya zaɓa ba.

Melpo ta miƙa min kwalbar. "Buɗe in gani."

"Yarinya, ba abin gani ba ne," in ji Mitsos.

"Aikina ne. Buɗe."

Ya kalli Papa Lambros, shi kuma ya ɗaga kafaɗa. Mitsos ya ɗaga murfin. Ta durƙusa a bakin ramin ta duba. Ban matsa ba, Anestis ma bai matsa ba. Ta duba kamar yadda suke duba mara lafiya a asibiti, daga sama zuwa ƙasa, ba gaggawa. Abin da aka hana ta gani shekara guda, ta gan shi a wannan safiyar, iya abin da ya rage. Sai ta miƙe ta kakkaɓe gwiwa.

"Ku rufe ta."

Papa Lambros ya yi gajeriyar addu'a. Aka zuba ruwan inabin a kan murfin tunda an riga an kawo, Mitsos ya fara mayar da ƙasa. Wani yaron ofis ya zo da takarda ya ce an ƙara shekara ɗaya, in ta cika za a sake dubawa. Anestis ya sa hannu, akwatin yana hammatarsa. Muka ci alkamar a kofunan takarda a tsaye, har da Mitsos, wanda ya ce sukarin ya yi yawa amma ya ƙara.

A bakin ƙofa tasinta yana jira, da jakarta a ciki. Daga filin jirgi ta zo, can za ta koma. Ta ce in ba ta wayata. Ta danna abin da za ta danna, ta sa min hoton fure a kan lambar yadda zan gane.

"In sun sa rana, ke za ki kira ni. Ranar kawai. In ya tambaye ki lambar..."

"Ba zai tambaya ba."

Ta juya wurin ubanta, wanda ke tsaye taku kaɗan daga gare mu yana jin komai.

"In ka sake nemana a cikin injinka, ba zan zo ba. Ko an tono ta sau goma."

"To."

"Ka rame."

"Ina ci."

Ta tsaya kamar akwai sauran magana, sai ta shiga motar. Muka koma gida a bas, akwatin a kan cinyarsa, mutane suna matsa mana wuri don sun ɗauka da ƙashi a ciki.

Yanzu lokacin kaka ya shigo, an fara sanyi. Anestis yana nan a teburinsa yana tankaɗe adireshin mutanen da bai sani ba. Ba a kama shi ba, ko kuma ba wanda ya damu ya duba. Na tsaya a bayansa sau da yawa, ban sake ganin harafin nan a farkon layi ba. Ya san lambar tana aljihuna, hawa ɗaya ƙasa da shi. Bai tambaya ba, ni ma ban yi tayi ba.

Na haɗu da Mitsos a kasuwar kifi, ya ce da irin ƙasar wancan layin kada mu sa rai da shekara ɗaya, a yi lissafin biyu ko fiye. Na gaya wa Anestis. Ya ce, "To." Sai ya ɗago ya dube ni, dubawar da bai taɓa yi min ba tun yana yaro, ya tambayi shekaruna. Na ce ba a tambayar mace, amma na wuce tamanin da 'yan kai.

Tun daga ranar, in ya ji ƙarar ƙofata sai ya sauko ya karɓi jakar cefane. Ya sa an gyara fitilar matakala da ta shekara a mace. Yana tambayata ko na sha maganin hawan jini, in na ce na sha ya ce in nuna masa kwalin. Shekaranjiya ya ga na taka kujera zan sauko da tukunya, ya ce in sauka, da murya har ta ɗan tashi.

Na san ba don ni ba ne, don wadda za ta kira lambar ne. Ina miƙa masa jakar.